Zane mai rawa

Da maraice, yaran Habbena sukan taru gaban talabijin suna kallon zane mai motsi. Wannan sana'a ta daɗe. Asalinta takarda ne da fensir da kiɗa.

Zane ba ya motsi da kansa. Mai zane yana yin hotuna da yawa, kowane ya ɗan bambanta da na bayansa. A silima, hotuna 24 suke wucewa cikin sakan guda. Ido ba ya iya raba su, sai ya ga motsi.

A 1908, wani Bafaranshe mai suna Émile Cohl ya yi fim ɗin zane a Paris. Fim ɗin ba shi da sauti. A 1928, a Amurka, Walt Disney da Ub Iwerks suka fito da Steamboat Willie. A ciki, ɓeran nan Mickey yana kiɗa da haƙoran saniya. Kowane motsi yana faɗawa daidai da kiɗan, kamar yadda ɗan rawa yake bin kalangu.

Zanen lokacin baƙi da fari ne. Hannuwa da ƙafafu suna lanƙwasa kamar roba, babu gwiwa. An sa wa Mickey farar safar hannu don a ga hannunsa a kan baƙin jikinsa. A 1932 aka yi Flowers and Trees da launi, inda itatuwa da furanni suke rawa.

Sana'ar ta iso Afirka. Moustapha Alassane ɗan Nijar ne, an haife shi a 1942. Tun yana yaro yake nuna wa mutane wasan inuwa da fitila. A 1966 ya yi Bon voyage Sim, labarin shugaban kwaɗi da ya tafi baƙunci. Ya zauna a Tahoua, ya rasu a 2015.

Yau da kwamfuta ake yawancin aikin. Amma har yanzu sai mai zane ya yi haƙuri, ya kuma saurari kiɗa.

Sababbin kalmomi
Zane mai motsi: dessin animé
Inuwa: ombre

Tambayoyi
1. Hotuna nawa suke wucewa cikin sakan guda?
2. Don me aka sa wa Mickey safar hannu?
3. Wace dabba Moustapha Alassane ya zana?

Aiki
A zana kwaɗo a kusurwar shafi 10 na tsohon littafi, kowane ya ɗara na baya tsalle. A saki shafukan da sauri. Me aka gani?