Ko Gaskiya Ne Daji Ba Ya Son Ƙarfe?

Kowa ya san maganar nan da akan yi, wai daji ba ya son ƙarfe. Saboda ita mace takan ji ƙullutu a nononta, ta ɓoye shi wata shida ko shekara guda, tana shafa saiwoyi, don kada likita ya taɓa shi da wuƙa ko allura. Kafin a kai ta asibiti ciwon ya riga ya kama huhu ko ƙashi. In ta rasu sai a ce, "Kun gani, ƙarfe ne ya tsokane shi." Ya 'yan'uwa, jinkirin ne ya kashe ta. Ƙullutun da aka cire tun yana ƙarami, sau da yawa mai shi takan warke sarai. Yawancin ƙullutai ma ba daji ba ne, amma likita ne kaɗai zai iya rarrabewa.

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai. In waɗansunsu suka lalace, suka yi ta haihuwa ba tsayawa, shi ne ciwon daji. Ba jifa ba ne, ba kuwa maita ba. Ba a ɗaukarsa ta wurin cin abinci a akushi ɗaya, don haka kada mu guji marar lafiya.

Amma akwai cututtukan da sukan share masa hanya, su kam ana ɗauka. Ɗaya daga cikin manyansu a ƙasashenmu shi ne ciwon hanta mai suna hepatitis B. Yakan bi ta jini, daga uwa zuwa jariri, ko ta askar wanzami ɗaya da aka yi wa yara da yawa kaciya da ita. Yakan zauna shiru shekaru masu yawa kafin ya zama dajin hanta. Tun 2004 ake yi wa jarirai rigakafinsa a Nijeriya.

Manoman gyaɗa kuma su kasa kunne. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika, sai aka tarar da guba a cikin garin gyaɗar da aka kawo musu daga Birazil. Fumfuna ce take yin gubar nan, a gyaɗa da masarar da aka zuba a rumbu da danshi. Dafuwa ba ta kashe ta. Wanda yake da ciwon hantan nan, yana kuma cin irin wannan hatsi, hatsarinsa ya ninka ƙwarai. A shanya amfanin gona ya bushe ƙayau, a tsince ruɓaɓɓu a zubar. Kada a ce za a yi ƙuliƙuli da su don gudun hasara.

Zancen taba a fili yake tun 1950, sa'ad da masu bincike biyu a Ingila, Doll da Hill, suka nuna dangantakarta da dajin huhu.

Dajin bakin mahaifa kuwa, ƙwayar cuta mai suna HPV ce tushensa. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinsa kyauta. Waɗansu sun baza jita-jita wai tana hana haihuwa. Ba ta hanawa. Uwar da take da 'ya a wannan tsakani, sai ta tambaya a asibitin da yake kusa da ita.