Amsoshin Tambayoyinku: Kiran fankishan na C daga Python

Wani ɗalibi mai sauraronmu ya aiko da tambaya: ya kira fankishan na harshen C daga Python ta hanyar ctypes, amma amsar da ke fitowa shirme ce. Ina matsalar take?

To, malam, duba sanarwar fankishan ɗin tukuna, wato layin da ke faɗin sunansa, abin da yake karɓa da abin da yake mayarwa. Python ba ya karanta wannan layi, kai ne za ka sake bayyana masa shi. Idan ka yi shiru, ctypes zai ɗauka amsar int ce, lamba marar ɗigo. Idan kuwa double ce, kamar ta sqrt, sai ka ga lambar da ba ta da kai balle gindi. Saboda haka ka cika restype (nau'in abin da yake mayarwa) da argtypes (nau'in abin da yake karɓa) kafin kira.

Ka kula da nau'in long sosai: a Windows bit 32 ne, a Linux mai bit 64 kuwa 64 ne. Rubutu kuma, inda C ke jiran char *, bytes za ka miƙa, ba str ba.

Allah ya ba da sa'a.