Darasin Wannan Wata: Hanyar Keke a Bakin Tafkin Kibu

Babu ƙauyen da ba a san keke ba. Da shi ake zuwa gona, da shi ake kai hatsi kasuwa, da shi ake kai mara lafiya asibiti. Amma akwai wani irin keke da aka ƙera musamman don hawan tudu da bin turba mai duwatsu. Ana kiransa keken hawan dutse. Darasin wannan wata zai bayyana yadda wannan keke yake, da yadda wata hanyarsa a ƙasar Ruwanda ta zama abin samun abinci ga mutanen karkara.

Ina ne wurin?

Ruwanda ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar Afirka. A ƙidayar shekarar 2022 mutanenta sun ɗan haura miliyan 13, kuma yawancinsu manoma ne. Saboda yawan tuddanta ake yi mata kirari da ƙasa mai tudu dubu.

A yammacin ƙasar akwai wani babban tafki mai suna Kibu. Shi ne ya raba Ruwanda da ƙasar Kwango. Tuddai sun kewaye shi, cike da gonakin ayaba da gahawa da ganyen shayi. Daga kudu kuma akwai kurmin Nyungwe, wanda ke da birai iri 13.

A shekarar 2011 gwamnatin ƙasar ta buɗe wata hanyar yawon buɗe ido da ta bi gefen tafkin. Ta tashi daga garin Rubabu a arewa, ta ratsa Karongi, ta ƙare a Rusizi a kudu. Tsawonta kilomita 227 ne, kusan nisan Kano zuwa Kaduna ke nan. Mai tafiya a ƙafa yakan yi kwana 10, mai keke kuwa kwana 5.

Sunanta Hanyar Kwango da Nilu. Dalilin sunan shi ne akwai jerin tsaunuka a yankin da ke raba ruwan sama gida biyu. Ruwan da ya gangara yamma yakan ƙare a kogin Kwango. Wanda ya gangara gabas yakan ƙare a kogin Nilu.

Yawancin hanyar ba sabuwa ba ce. Turbobi ne da hanyoyin ƙasa waɗanda manoma da masunta suka daɗe suna bi. Abin da aka yi shi ne haɗa su, aka kafa alluna masu nuna hanya, aka tanadi wuraren kwana.

Me ya bambanta keken hawan dutse?

An fara wannan wasa a jihar Kalifoniya ta Amurka wajen shekarun 1970. Wasu samari ne suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga kan dutse. A shekarar 1996 aka shigar da shi cikin wasannin Olamfik.

Abu huɗu ne suka bambanta shi da keken da aka saba gani. Na farko, tayarsa mai faɗi ce mai gurzagurza, don ta kama ƙasa kada ta zame. Na biyu, birkinsa yana da ƙarfi. Na uku, yawancinsu suna da sifirin a gaba wanda ke shanye girgizar duwatsu. Na huɗu, yana da giya.

Ga yadda giyar ke aiki. A jikin tayar baya akwai farantai masu haƙora, manya da ƙanana. Idan za a hau tudu, sai mahayi ya mayar da sarƙa kan babban faranti. Nan take feda za ta yi sauƙin takawa, amma keken zai riƙa tafiya a hankali. Idan an zo fili, sai ya mayar da ita kan ƙarami, keken ya yi gudu. Wato a kan tudu ana ba da gudu ne a sayi sauƙi. Sannu ba ta hana zuwa.

Me manomi ya samu?

Baƙon da ya zo a mota yakan wuce ƙauye da ƙura, bai sayi komai ba. Mai keke kuwa dole ya tsaya, domin yana gajiya, yana jin yunwa da ƙishirwa. Zai sayi ayaba da abarba a bakin hanya. Zai ci soyayyen ƙaramin kifin tafkin da ake kira sambaza. Zai biya kuɗin kwana. Idan bai san hanya ba, zai ɗauki ɗan jagora daga samarin yankin. Idan tayarsa ta fashe, mai faci ya samu. A wurare irin su Kinunu, baƙi kan biya kuɗi don a nuna musu yadda ake wanke gahawa da shanya ta.

Keken kansa ma ya taɓa shiga harkar noma. Idan aka tsinko 'ya'yan gahawa, dole a kai su wurin wanki a ranar, in ba haka ba su fara lalacewa, farashi ya faɗi. A da, manoma da yawa a ka suke ɗauka, ko su tura a kan wani keken katako marar feda. A shekarar 2005 wani maƙerin kekunan hawan dutse ɗan Amurka, Tom Ritchey, ya ziyarci Ruwanda ya ga haka. Daga baya ya tsara keke mai dogon mazaunin kaya a baya, mai giya da birki mai ƙarfi. Aka riƙa ba manoma bashinsa, suna biya kaɗan-kaɗan.

Wasan ya kuma fito da matasa. Adrien Niyonshuti ya rasa 'yan'uwansa maza shida a kisan ƙare dangi na 1994. A shekarar 2012 shi ne ya riƙe tutar Ruwanda a wasannin Olamfik na birnin Landan, inda ya yi tseren keken hawan dutse.

Babban abokin gaba

Duk wannan amfani ya dogara ne ga hanya, kuma babban abokin gaban hanyar tudu shi ne ruwa. Yammacin Ruwanda na samun ruwan sama mai yawa, musamman daga Maris zuwa Mayu. A farkon watan Mayu na 2023, ambaliya da zaftarewar ƙasa sun kashe mutane fiye da 130 a yammaci da arewacin ƙasar. Gidaje da gadoji da hanyoyi da yawa sun lalace.

Idan turba ta miƙe sak daga saman tudu zuwa ƙasa, ruwa zai bi ta da gudu. Zai fara da ƙaramin rami, kafin damina biyu ya zama kwazazzabo. Shi ya sa masu gyaran irin wannan hanya suke bin wasu ƙa'idoji. Sukan sa hanya ta riƙa lanƙwasa tana hawa a hankali. Sukan haƙa ƙananan magudanai da ke kawar da ruwa gefe tun bai taru ba. Sukan kuma bar ciyawa da itatuwa a gefen hanya, don saiwoyinsu su riƙe ƙasa.

Wa ke yin aikin? A Ruwanda akwai aikin gayya da ake kira umuganda. Ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata, da safe, mutanen kowace unguwa kan fito su share hanya, su yashe magudanai, su dasa itatuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin lura

Turbar da baƙo ke biyan kuɗi don ya bi da kekensa, ita ce dai wadda manomi ke bi da buhunsa, ita ce ɗan makaranta ke bi da safe. Idan aka bari ruwa ya cinye ta, baƙo zai canza wuri ya tafi wata ƙasa. Manomi kuwa ba shi da inda zai je. Saboda haka gyaran turba ribar mai gida ce tun kafin ta zama ta baƙo.

Tambayoyi

1. Kilomita nawa ne tsawon Hanyar Kwango da Nilu?
2. A kan wane faranti ake sa sarƙa idan za a hau tudu?
3. Me ya sa mai keke ya fi mai mota amfani ga mutanen ƙauye?
4. Waɗanne abubuwa uku ne ke hana ruwa cinye hanya?
5. A tattauna a aji: wace turba ce ruwa ya fi ɓatawa a wannan ƙauye, kuma yaushe za a fito a gyara ta?