Shin Lokaci Zare Ne Ko Carbi?

'Yan'uwa mazauna Jidda, duk wanda ya je Umra ya ɗaga kai ya dubi agogon Makka, zai ga ana ƙidaya lokaci minti bayan minti. To, shin haka lokacin yake a zatinsa, ƙwaya-ƙwaya kamar carbi, ko kuwa zare ne miƙaƙƙe marar gaɓa?

Tambayar tsohuwa ce. Malaman Ash'ariyya, irin su Alƙali Baƙillani wanda ya rasu a 1013, sun tafi a kan cewa jiki haɗuwar ƙwayoyi ne da ba sa rabuwa, kuma sifofinsa ba sa wanzuwa lokaci biyu, Allah ne ke sabunta su. Ibn Sina kuwa ya ce kowane tsawo yana rabuwa ba iyaka.

Lissafin Newton da na Einstein duk sun ɗauki lokaci a matsayin zare. Tun 1967 ake auna daƙiƙa da kaɗawa 9,192,631,770 ta sinadarin siziyom, sai dai wannan ƙidayar ma'auni ce, ba ta nuna lokacin kansa gutsi-gutsi yake ba. A 1899 Max Planck ya lissafo wani ɗan taƙin lokaci: ko an raba daƙiƙa gida 1 mai sifili 43, bai kai kaso guda ba. Wasu masana na zaton a nan lokaci ke yankewa, amma babu gwajin da ya isa can.

Saboda haka kada mu yi gaggawar cewa kimiyya ta gaskata malamanmu. Wanda ya jingina imaninsa da hasashe, ranar da hasashen ya rushe zai rasa madogara. Allah ne Mafi sani.