Hukuncin Naman Dabba Marar Lafiya da Hukuncin Barin Cin Nama

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam dabbobin ni'ima. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya je Birnin Kudu ya hau Dutsen Mesa ko Dutsen Habude, zai ga zanen shanu a jikin duwatsu, waɗansu masu dogayen ƙahoni marasa tozo. Wannan zane, da masana suka yi nazarinsa a shekarun 1950, shaida ne cewa kiwo daɗaɗɗen abu ne a wannan ƙasa. Har yau daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, manomi da makiyayi da mahauci suna cin abinci ne daga jikin dabba, kuma kasuwanni irin ta Sara suna cika da shanu da awaki da tumaki.

Akwai wani abu da kowa ya sani a karkara. Saniya takan faɗi da dare, mai ita ya ga alamar ba za ta kai safiya ba, sai ya yi maza ya nemi wuƙa domin kada dukiyarsa ta zama mushe. Da gari ya waye a sayar wa mahauci da araha, naman ya shiga kasuwa, ya zama tsire ko balangu. Mai saye bai san komai ba. Ganin irin wannan, da jin labaran masana'antun nama na ƙasashen waje, ya sa waɗansu mutane suka fara tambaya ko ba gara a bar cin nama gaba ɗaya ba. Darasin wannan mako yana duba mas'alolin nan biyu.

Sharuɗɗan yanka

A aya ta 3 ta Suratul Ma'ida Allah Ya jera abubuwan da Ya haramta. Cikinsu akwai mushe da jini da naman alade da abin da aka yanka don wanin Allah, sa'an nan dabbar da aka shaƙe, da wadda aka doke, da wadda ta faɗo daga tudu, da wadda 'yar'uwarta ta soke, da wadda naman daji ya ci. An keɓe wadda aka riska da rai aka yanka.

Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda almajiran ƙasar Hausa suke karantawa a zaure, ya bayyana cewa yanka shi ne yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, ba tare da ɗage hannu ba kafin a gama, kuma ba ta ƙeya ba. Ana ambaton sunan Allah. Wanda ya manta, a ci yankansa. Wanda ya bari da gangan, ba a ci. Game da dabba marar lafiya da aka yanke ƙauna daga rayuwarta, Muhtasar na Shehu Halilu ya nuna cewa yanka yana halatta ta matuƙar ta yi motsi mai ƙarfi, domin motsin shi ne shaidar wuƙa ta same ta da rai.

Yanka ba ya kankare cuta

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Sukan ce, tun da dabba ta yi motsi, an kuma ambaci sunan Allah, ai magana ta ƙare. Alhali kuwa ingancin yanka yana fitar da dabba daga hukuncin mushe ne kawai. Akwai sharaɗi na biyu. Aya ta 168 ta Suratul Baƙara ta haɗa sifofi biyu ga abincin da aka umarci mutane su ci, watau ya zama halal, ya kuma zama mai kyau. Har wa yau hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya kafa ƙa'idar hana cuta da hana cutarwa. Saboda haka naman da aka tabbatar yana ɗauke da cuta ya haramta a ci ko a sayar, ko da liman ne ya yanka.

Misali mafi tsanani shi ne ciwon saifa. Dabbar da ta kamu takan faɗi farat ɗaya, baƙin jini da ba ya daskarewa ya riƙa fita ta hanci da baki da dubura, saifarta ta kumbura. Wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar da take haddasa shi a 1876. Ƙwayar nan idan ta sha iska takan yi wa kanta kwanso, ta zauna a cikin ƙasa shekaru masu yawa, har wata dabba ta zo kiwo ta ɗauka. Don haka feɗe irin wannan dabba shi ne babban haɗari: mai fiɗa ya kamu ta fata, mai ci ya kamu ta hanji, makiyaya kuma ta gurɓace. A watan Yuni na 2023, ana gab da Babbar Salla, Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta yi shela a guji cin ganda saboda ɓullar cutar a arewacin Ghana. A watan Yuli na wannan shekara aka tabbatar da ita a wata gona a Gajiri, kusa da Suleja a Jihar Neja. Abin da likitocin dabbobi suka ce a yi da irin wannan gawa shi ne kada a feɗe ta, a sanar da hukuma, a ƙone ta ko a binne ta cikin rami mai zurfi. Akwai kuma allurar rigakafi, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, da aka kafa a 1924, take yi.

Bayan saifa akwai tarin fuka na shanu da bakkale, waɗanda suke shiga jikin mutum ta ɗanyen nono ko naman da bai dahu ba. Akwai kuma wata cuta ta ɓoye. Makiyayi yakan yi wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta, da ya ga ba ta tashi ba sai ya sayar a yanka. Kowane irin wannan magani yana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa, waɗanda dole a jira kafin a ci naman ko a sha nonon. Idan ba a jira ba, mutane su ci ragowar maganin, ƙwayoyin cuta su saba da shi, ranar da yaro ya kwanta a asibiti a ba shi maganin ya ƙi aiki.

Ha'inci a kwata

An rawaito a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya sa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, sai ya tuhumi mai shi don me bai sa shi a sama mutane su gani ba, ya kuma barrantar da kansa daga mai algus. Risala ta hana ɓoye aibin kaya da cakuɗa marar kyau da mai kyau. Muhtasar ma ya ambaci hura nama domin ya yi kama da mai ƙiba a cikin misalan algus. To, idan hura iska ya zama laifi, ina ga ɓoye huhun da ya ruɓe, ko sayar da naman jaki da sunan na sa?

Akwai kuma hanin da Abu Dawuda da Tirmizi suka rawaito game da cin naman jallala, watau dabbar da take cin ƙazanta. Malaman mazhabobi sun saɓa a kan hukuncinta: Malikiyya sun sauƙaƙa, Shafi'iyya sun karhanta, Hanbaliyya sun hana har sai an tsare ta an ciyar da ita abu mai tsarki. Abin da ya faru a Ingila ya nuna hikimar kula da abincin dabba. Masu masana'antu sun riƙa niƙa ragowar nama da ƙashin dabbobi suna ciyar da shanu da su domin riba. A 1986 aka gano cutar haukan shanu, a 1996 gwamnati ta bayyana cewa tana iya kama mutane. An hallaka shanu fiye da miliyan 4, mutum fiye da 170 kuma suka mutu.

Lalle ne a tausaya wa makiyayi, domin saniya ɗaya tana iya zama sadakin ɗansa ko abincin gidansa na shekara. Amma ba a rufe asarar mutum ɗaya da lafiyar gari. Hanyar da ta dace ita ce Sarkin Pawa da malaman dabbobi da duba-gari da 'yan Hisba su haɗa kai, a duba dabba kafin yanka, a duba kayan cikinta bayan yanka, jama'a kuma su taimaka wa wanda aka binne dabbarsa da gudummawa, domin kada tsoron asara ya sa gobe wani ya ɓoye tasa.

Barin cin nama

Cin nama halal ne, amma ba wajibi ba ne. An gabatar wa Manzon Allah (S.A.W.) da naman damo bai ci ba, ya bayyana cewa ransa ne bai so, Halidu ɗan Walidu kuwa ya ci a gabansa. Nana A'isha ta ba da labarin cewa akan yi wata biyu ba a hura wuta a gidajen Annabi ba, sai dabino da ruwa. Sayyidina Umar, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, ya yi kashedi da yawan cin nama, ya kwatanta sabonsa da sabon giya. Saboda haka wanda ya bar nama domin likita ya hana shi, ko ransa bai so, ko bai amince da inda aka yanka ba, babu laifi a kansa. Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da awara da zogale suna gina jiki. Sai dai ya riƙa shan dafaffen nono yana cin ƙwai, musamman yara da masu ciki, domin sinadarin B12 ba ya wadatuwa a cikin tsirrai.

Abin da aka hana shi ne mayar da barin nama ibada, ko ƙudurta cewa yanka zalunci ne. Aya ta 87 ta Suratul Ma'ida ta hana muminai haramta wa kansu kyawawan abubuwan da Allah Ya halatta. A ruwayar Muslim daga Anas, waɗansu sahabbai sun yi niyyar tsananta wa kansu, ɗayansu ya ce ba zai ci nama ba, sai Annabi ya yi inkarin haka. Layya da yankan suna da hadaya suna nan a matsayinsu ga mai iko. Wanda tausayin dabba ya dame shi, ya sani shari'a ta riga shi: hadisin Shaddadu ɗan Ausu ya yi umarni da kyautatawa wajen yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Cusa shanu a mota kwana da kwanaki babu ruwa, da karya musu wutsiya, da yanka wata a gaban wata, duk sun saɓa wa wannan tarbiyya.

Mai saye shi ma da nasa nauyi. Ya sayi nama a wurin mahaucin da ya sani, ya yi tambaya idan ya ga arahar da ta wuce hankali, ya dafa nama ya dahu sosai. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Allah Ya azurta Musulmi da halal mai albarka, Ya kare mutane da dabbobinsu daga annoba, amin. Allah ne Mafi sani.