Abin da Ke Hana Wasu Yara Iya Karatu Tun Daga Halitta

Da wuya a rasa irin wannan yaro a gidajenmu: ka miƙa masa waya, kafin ka juya ya gano inda ka ɓoye gem, kowace manhaja ya santa da tambarinta. Amma a ce ya karanta layi ɗaya a littafin makaranta, sai ya tsaya yana inda-inda. Nan take a yanke masa hukunci, ko malalaci ne, ko daƙiƙi, ko kuma waya ce ta ɓata shi. Daga nan sai bulala. Alhali sau da yawa dalilin yana cikin halittarsa ne, ba laifinsa ba ne. Ga manyan dalilan.

1. Yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa harafi da sauti

Yaro yana koyon magana da kansa, ba sai an zaunar da shi ba. Karatu kuwa dole sai an koyar, domin rubutu ƙirƙirarsa aka yi, shekaru kusan 5,000 da suka wuce. Kafin yaro ya karanta kalmar “gida”, sai ƙwaƙwalwarsa ta gane cewa sautuka huɗu ne a ciki, sannan ta haɗa kowanne da harafinsa cikin sauri. Ga yawancin mutane, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke ɗaukar nauyin wannan aiki. Akwai yaran da wannan haɗi ke yi musu nauyi, ko da suna da kaifin basira. Wannan matsala ita ake kira disleksiya.

Wani likitan ido a Jamus, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata wannan suna a 1887. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai hazaƙa, wanda bai da matsala da lissafi amma karatu ya gagare shi. Ka ga ke nan matsalar ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa har mutum ɗaya cikin goma a ƙasar na iya kasancewa da ita, wani kaɗan, wani sosai.

2. Gado

Disleksiya tana bin jini. Idan uwa ko uba sun sha wahalar karatu suna yara, akwai yiwuwar ɗansu ma ya sha. Bincike a kan tagwaye ya nuna cewa masu kama ɗaya sun fi haɗuwa a kan matsalar fiye da waɗanda ba su yi kama ba. Ba ƙwayar gado ɗaya ce ke jawo ta ba, da yawa ne ke taruwa.

3. Kunne da ido

Yaron da ba ya jin sauti sosai ba zai iya bambance “ƙ” da “k” ba, balle ya haɗa su da haruffa. Ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne yana rage ji na tsawon makonni ko watanni, kuma sau da yawa ba ya zafi, sai a ɗauka yaron kunnen ƙashi ne da shi. Sanƙarau ma yakan bar yaro da raunin ji bayan ya warke. Haka yaron da ba ya ganin allo da kyau zai koma baya a aji, alhali tabarau kaɗai yake buƙata.

4. Haihuwa da rashin lafiyar ƙuruciya

Bakwaini, wato wanda aka haifa kafin mako 37, da jaririn da nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, sun fi fuskantar wahalar koyo. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa na iya barin tabo. Ita ma sikila takan toshe ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama a fili ba, sai dai a ga yaro yana ja da baya a makaranta.

Me ya sa ta fi tsanani a Turanci?

A 2001 an buga wani bincike da ya kwatanta masu disleksiya a Italiya, Faransa da Ingila. Hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna rauni iri ɗaya, amma ’yan Italiya sun fi iya karatu, saboda rubutunsu yana tafiya daidai da furuci. Rubutun bokon Hausa ma kusan haka yake, shi ya sa fara koya wa yaro karatu da harshen da yake ji yana rage masa kaya. A lura kuma, musanya “b” da “d” abu ne da yawancin masu fara koyo ke yi, shi kaɗai ba hujja ba ne.

Abin da za ka iya yi

Da farko a kai yaron asibiti a duba idonsa da kunnensa. Idan lafiya suke, a yi magana da malaminsa a kan koyar da shi sauti da harafi ɗaya bayan ɗaya, kullum na ’yan mintuna. Disleksiya ba ta warkewa da ƙwaya ko allura, amma irin wannan koyarwa tana taimakawa ƙwarai, musamman idan an fara da wuri.

Wayarka ma za ta yi amfani. Shiga saituna, ka nemi sashen Accessibility. A Android akwai Select to Speak, a iPhone kuma za ka samu irinsa mai karanta rubutun da ke kan fuskar waya da murya, yaro yana ji yana bin kalmomin da ido. Ka ƙara masa girman rubutu, ka zauna tare da shi.

Idan kana da ƙani ko ƙanwa da ake yi wa gorin rashin iya karatu, kai ne za ka iya fara tada maganar a gida. Ka nuna wa iyayenku waɗannan dalilai, a ajiye bulala a fara da gwajin ido da kunne. Sai mun haɗu a darasi na gaba.