Moris, autan jikokin Sarauniya

Mai karatu, karatunmu na yau zai kai mu nesa, har ƙasar Ingila. Labarin wani ɗan sarauta ne mai suna Moris. Bai yi sarauta ba, ba ya ma cikin waɗanda ake sa ran su yi ta. Ya mutu a fagen yaƙi yana da shekara 23, bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Amma in ka bi danginshi ɗaya bayan ɗaya, za ka ga yadda gida guda ya rabu biyu, kowane ɓangare ya ɗauki bindiga.

Sunayen baƙi ne a bakinmu. Kada wannan ya dame ka. Karanta su sannu-sannu, gaɓa-gaɓa. In da alli kusa da kai, rubuta sunan kaka a saman allo, ƴaƴanta a ƙasa, jikoki ƙarƙashinsu. Haka za ka riƙe zaren labarin.

Kakar da uwar

Kakar ita ce Sarauniya Biktoriya. Ta yi mulkin Ingila daga 1837 har 1901. Ta haifi ƴaƴa 9, ta aurar da mafi yawansu gidajen sarauta na ƙasashen Turai. Autarta ɗiya ce, sunanta Biyatiris, an haife ta a 1857. Biyatiris tana da shekara 4 ubanta ya rasu. Daga nan Sarauniya ta riƙe yarinyar kusa da ita. Da ta girma, ita ke karanta mata takardu, ita ke rubuta mata wasiƙu. Tsohuwa ta ƙudura a ranta cewa wannan ɗiya ba za ta yi aure ba, za ta zauna ta kula da ita.

A 1884 Biyatiris ta je bikin aure a Jamus. Can ta haɗu da wani saurayi, Hanri na Batambag. Da ta dawo ta faɗa ma uwarta tana son shi, sai Sarauniya ta yi fushi. Wajen wata 6 ba ta yi mata magana ba, ga su gida ɗaya, teburin abinci ɗaya. In tana da saƙo, sai ta rubuta a guntuwar takarda ta miƙa mata. Ka ji fa wani amfani da aka yi da rubutu! Daga baya ta yarda, amma da sharaɗi: ango zai bar ƙasarshi ya zo ya zauna gidan surukarshi. Aka ɗaura aure a 1885. A wurinmu da an ce Hanri ya zama mijin-ta-ce. Shi dai ya amsa sharaɗin.

Shi Hanri ɗan sarauta ne, amma na gefe. Ubanshi ɗan gidan sarautar Hes ne a Jamus, sai dai ya auri matar da ba jinin sarauta ba ce. A ƙasar Hausa ɗan kwarkwara yana iya hawa gadon ubanshi, kuma da yawa sun hau. A Jamus ta wancan zamani ba haka ba ne. In uwa ba ɗiyar sarauta ba ce, ƴaƴanta ba su da gado a sarautar. Don haka aka ba su wani suna daban, Batambag, sunan wani ƙaramin gari. Riƙe wannan suna, zai dawo.

Hanri da Biyatiris sun haifi ƴaƴa 4: Aleksanda a 1886, ɗiya mace Ena a 1887, Lewopol a 1889, sai Moris. An haifi Moris ranar 3 ga Oktoba 1891 a Balmoral, gidan hutun Sarauniya a ƙasar Sikotland. Shi ne autan uwarshi, kuma shi ne auta cikin jikokin Sarauniya duka.

Uban ya tafi Kumasi

Zaman gidan suruka ya ishi Hanri. Soja ne, ga shi ba aikin soja. A ƙarshen 1895 Ingilishi suka shirya yaƙi da Sarkin Asante, Pirempe, a ƙasar da iyayenmu ƴan ci-rani ke kira Gwalkwas, wato Gana ta yau. Hanri ya roƙi a bar shi ya bi rundunar. Da ƙyar Sarauniya ta yarda. Cikin rundunar nan har da sojojin da Turawa ke kira Hausa, mutanen arewa da suka ɗauka aiki a can.

Yaƙin ma bai yiwu ba. Rundunar ta shiga Kumasi a Janairu 1896 ba tare da faɗa ba, aka kama Pirempe aka kai shi wata ƙasa. Amma Hanri bai ga Kumasi ba. Masassarar cizon sauro ta kama shi a hanya, cikin kurmi. Aka komo da shi bakin teku, aka sa shi jirgin ruwa. Ya cika cikin jirgin ranar 20 ga Janairu 1896, kusa da Saliyo. Yana da shekara 37. Wannan masassara da muke fama da ita kowace damina, ita ta kashe surukin Sarauniyar Ingila.

Moris yana da shekara 4 a lokacin, daidai shekarun uwarshi sa'ad da ta yi nata maraicin. Ya tashi gidan kakarshi har ta rasu a 1901. Aka sa shi lakwal, daga nan ya shiga makarantar hafsoshi ta Sandas. Ya fito ƙaramin hafsa, ya shiga rundunar masu bindiga ta Sarki.

Wa ke wa?

To, nan ne nake so ka duba allonka da kyau.

A 1914 Sarkin Ingila shi ne Joji na 5. Uban Joji da uwar Moris wa da ƙanwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ke nan Joji da Moris ɗan namiji ne da ɗan mace, taubasai, abokan wasa.

Sarkin Jamus kuwa shi ne Wilyam na 2. Uwar Wilyam ita ce ɗiyar farin Biktoriya, uwar Moris ita ce auta. Ya da ƙanwa ke nan. A lissafinmu, ƴaƴan ya da ƙanwa ba wasa tsakaninsu, wa da ƙane ne. Wilyam shi ne jika na fari, an haife shi a 1859. Moris shi ne na ƙarshe. Shekara 32 ke tsakaninsu.

Matar Sarkin Rasha ma jikar Biktoriya ce. Ena kuma, yar Moris, ta auri Sarkin Ispaniya, Alfonso na 13, a 1906. Ranar bikin wani mutum ya jefa bam kan ayarin amarya a birnin Madrid. Mutum fiye da 20 suka mutu, ango da amarya suka tsira.

Mutane da yawa sun yi zaton wannan auratayya za ta hana yaƙi a Turai. Ba ta hana ba. Ranar 4 ga Agusta 1914 Ingila ta shiga yaƙi da Jamus, bayan sojan Jamus sun kutsa cikin Beljik don su kai ga Faransa. Wannan shi ne Yaƙin Duniya na Farko. A gaskiya ba sarakunan kaɗai ke yanke shawara ba. A Ingila gwamnati da majalisa ke da iko, a Jamus manyan soja na da babbar murya. Amma ni a ganina wannan bai wanke Wilyam ba. Yana da iko mai yawa a ƙasarshi, bai yi amfani da shi ya tsai da abin ba.

Jikokin suka rarrabu. Akwai ɗaya, Sharl Eduwar, haihuwar Ingila ne, a nan ya tashi, amma ya gaji wata sarauta a Jamus yana yaro. Da yaƙi ya zo, ya sa kayan sojan Jamus. Akwai wani, Albar, shi ma hafsa ne a sojan Jamus, ga uwarshi zaune a Ingila. Shi an ɗauke mashi fita fagen da zai harbi Ingilishi, ya yi aikinshi a Barlin. Ƴaƴan Biyatiris maza 3 kuwa, duka suka sa kayan sojan Ingila.

Ranar 27 ga Oktoba

Bataliyar Moris na cikin na farko da suka ƙetare teku zuwa Faransa cikin Agusta. Sun sha wuya. Sojan Jamus sun fi su yawa, suka yi ta ja da baya kwana da kwanaki, a ƙasa, ba isasshen barci. A Satumba aka tsai da Jamusawa a kogin Marn, kusa da Paris. Daga nan yaƙi ya gangara arewa, wajen wani gari na Beljik mai suna Ipir. Kowa na son ya riƙe hanyar bakin teku. A wannan yanki, a garin Diksimud, sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta kwaso, waɗanda ake kira tirayar, su ma sun yi faɗa cikin waɗannan makonni, da yawa ba su komo gida ba.

Ranar 27 ga Oktoba 1914, Moris yana gaban mutanenshi, suna matsawa wajen wani ƙauye, Zonabeke, gabas da Ipir. Harsashin igwa ya fashe kusa da shi. Irin wannan harsashi in ya fashe, ƙarafa ne ke watsuwa ko'ina. Suka same shi. Aka ɗauke shi za a kai shi wurin likita, ya cika kafin a yi mashi wani abu. Cire 1891 daga 1914, ka ga shekarunshi. Mako 3 da ƴan kwanaki ke nan da ya cika su.

Ba Wilyam ya harba igwar ba, bai ma san inda ƙanen nashi yake tsaye ba. Amma igwar sojanshi ce.

Labari ya iske Biyatiris a Landan. Ministan yaƙi, Kicina, ya ce in tana so a kawo mata gawar gida, a yi mata jana'iza irin ta ƴaƴan sarakuna. Ta ce a'a, a bar shi can tare da abokan aikinshi. Aka binne shi a makabartar garin Ipir.

Tsaya ka yi tunani kan wannan. Mijinta, da ya mutu a teku, an kawo shi gida, ta san inda kabarinshi yake, kusa da inda aka ɗaura masu aure. Ɗanta kuwa ta bar shi ƙasar wasu, inda igwa ke ta faɗuwa. Ba ƙaramin abu ba ne ga uwa. Dubban uwaye a Ingila ba wanda ya tambaye su abin da suke so. Ita an tambaye ta, ta zaɓi abin da ya same su. Daga baya gwamnati ta hana kawo gawar kowane soja gida, mai kuɗi ko talaka. Hukumar kaburburan yaƙi da aka kafa a 1917 ta sa ma kowa dutse iri ɗaya, janar da ƙaramin soja. Kabarin Moris yana nan a Ipir har yau.

Sunan da ya zama laifi

Cikin makon nan da Moris ya mutu, wani abu ya faru da baffanshi. Luwi na Batambag, wan ubanshi, shi ne babban hafsan sojan ruwa na Ingila duka. Ya shiga aikin tun 1868 yana da shekara 14. Shekara 46 yana yi ma Ingila bauta. Amma da yaƙi ya tashi, jaridu da mutanen gari suka fara gunaguni. Wai sunanshi na Jamus ne, wai harshenshi bai fita ba, wai wa ya sani ko ɗan leƙen asiri ne. Ba a taɓa kama shi da wani laifi ba. Duk da haka, kwana 1 ko 2 bayan mutuwar Moris, ya ajiye aiki.

Dubi abin. Ɗan ƙanenshi mai suna Batambag ya mutu don Ingila ranar Talata. Kafin mako ya ƙare, shi mai suna Batambag ya bar kujerarshi don ana cewa ba ɗan ƙasa ba ne. Wanda duk aka taɓa yi ma gorin asali a garin da ya tsufa cikinshi, ya san zafin wannan.

Gunagunin bai tsaya ba, har ya kai ga Sarki kanshi. A Yuli 1917 Joji na 5 ya yar da sunan gidanshi na Jamus, ya ɗauki Winza, sunan wata tsohuwar fada ta Ingila. Ƴan Batambag ma aka ce su sake. A harshen Jamus ƙarshen sunan yana nufin dutse. Sai suka ɗauko kalmar dutse ta Ingilishi suka sa a gaba, suna ya koma Mawuntbatan. Aleksanda da Lewopol suka amsa sabon suna. Moris kaɗai ya rage da tsohon, don mamaci ba a sake mashi suna.

Luwi ya rasu a 1921. A 1955 ɗanshi ya hau kujerar nan da aka raba uban da ita. Sarkin Ingila na yanzu, Sharl na 3, wanda ya hau a 2022, tattaɓa-kunnen Luwi ne ta wajen ubanshi.

A Ispaniya kuwa, Ena ta haihu ranar 24 ga Oktoba 1914, kwana 3 kafin a kashe ƙanenta. Ƙasarta ba ta shiga yaƙin ba. Uwar mijinta kuma ƴar Ostiriya ce, ƙasar da ke bayan Jamus, ga su fada ɗaya. Da aka zo raɗa ma jariri suna, aka ce Gwanzalo, aka ƙara mashi da sunan Moris a ƙarshe, kamar yadda mu ma muke mai da sunan wanda ya rasu. Yaron yana da wata cuta ta gado da ke cikin zuriyar Biktoriya: in mutum ya ji ciwo, jini ba ya tsayawa. Mata ke ɗauke da ita, maza take kamawa. Gwanzalo ya mutu a 1934 bayan ɗan hatsarin mota, yana da shekara 19. Lewopol, wan Moris, shi ma yana da cutar. Ya mutu a 1922 bayan an yi mashi aiki.

Biyatiris ta daɗe bayansu. Aikin da uwarta ta bar mata shi ne littattafan da Sarauniya ke rubuta abin da ya faru kowace rana. Ta zauna tana kwafe su da hannunta, tana cire abin da ba ta so a gani, wajen shekara 30, har suka cika littafi 111. Ta ga Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila da Jamus sun sake kamawa. Ta rasu ranar 26 ga Oktoba 1944 tana da shekara 87, saura kwana 1 Moris ya cika shekara 30 a kabari. Bayan yaƙi aka kai ta kusa da mijinta, a tsibirin Wayit.